Kulob-kulob a makarantar ƙasa da ƙasa: a bar yarinya ta shiga ko ta tsaya ga littafi?

Tambaya: Aiki ya mayar da mu wata ƙasa, muka saka 'yarmu mai shekara 14 a makarantar ƙasa da ƙasa. A makon farko aka turo mana jerin kulob-kulob da wasannin da ake yi bayan an tashi daga aji, sun haura arba'in, aka ce ta zaɓa. Babanta ya ce karatu muka kawo ta yi ba wasa ba, ana tashi a ɗauko ta. Yau wata biyu ke nan. Makinta ba laifi, amma yarinyar da a da ba ta rufe baki ta koma shiru-shiru, ta ce ita kaɗai take zama lokacin hutun tsakar rana. Nan da shekara biyu za ta shiga tsarin IB (International Baccalaureate), wato karatun difiloma na shekara biyun ƙarshe na sakandare. Shin waɗannan kulob ɗin suna da wani amfani, ko ɓata lokaci ne kawai da ƙarin kashe kuɗi?

Amsa: Hajiya, ki bar ta ta shiga, kuma kada ki jira zangon karatu na gaba. Na yi shekaru ina riƙe da wannan ɓangare a makarantun ƙasa da ƙasa, ina tsara ayyukan bayan darasi, ina kuma bibiyar 'yan ajin ƙarshe har su fita. A cikin duk abin da kika rubuto, wanda ya tsaya mini a rai shi ne zaman nan da take yi ita kaɗai da tsakar rana. Ruwa ba ya tsami banza. Yarinya mai surutu da ta yi wata biyu bakinta a rufe tana gaya muku wani abu, kuma maganinsa mafi kusa yana cikin jerin nan da aka turo muku.

Bari in fara da yadda irin wannan makaranta take, don ta sha bamban da wadda yawancinmu muka yi. A makarantar da yaro ya taso a cikinta, abokan ajinsa su ne maƙwabtansa. Tare suke tafiya, tare suke dawowa, iyayensu sun san juna, abota tana ƙulluwa ba tare da kowa ya shirya ta ba. Makarantar ƙasa da ƙasa ba ta da unguwa. Ana kaɗa ƙararrawar tashi motoci da bas-bas za su kwashe yara su watsa su kusurwa huɗu na birni, wanda ta zauna kusa da shi da safe watakila tsakanin gidajensu tafiyar awa guda ce. A shekarun 'yarki ma ajin kansa ba guda ba ne: waɗanda take haɗuwa da su a darasin lissafi daban, na kimiyya daban, na tarihi daban, tsakanin darasi da darasi 'yan mintuna ne na sauya ɗaki. To a ina za a saba? Wurin da ya rage shi ne awa ɗaya ko biyun nan na yamma, inda yara goma sha biyar masu son abu ɗaya suke haɗuwa duk mako, fuskoki iri ɗaya, har tsawon zango. Wanda aka ɗauke shi ana tashi, an ɗauke shi daga unguwar makarantar gaba ɗaya.

Ga kuma yawan zuwa da tafiya. Iyaye da yawa kwantiragin shekara biyu ko uku ne ya kawo su, saboda haka duk ƙarshen shekara sai an yi bankwana, duk farkon shekara sai an ga sababbin fuskoki. Wata masaniyar zamantakewa Ba'amurkiya, Ruth Hill Useem, da ta yi nazarin iyalan Amurkawa mazauna Indiya a shekarun 1950, ita ta raɗa wa irin waɗannan yara suna 'ya'yan al'ada ta uku: ba su zauna daram a al'adar iyayensu ba, ba su zama 'yan ƙasar da suke zaune ba, sun ƙera tasu a tsakani. Abin da na lura da shi shi ne suna da saurin karɓar baƙo a fuska, murmushi da gaisuwa ba sa yi musu wuya, amma waɗanda suka daɗe sun gaji da rabuwa da aminai, sai su rufe da'irarsu. Sabuwar yarinya za ta ga kowa yana yi mata fara'a, babu wanda ya wulaƙanta ta, amma kuma babu wanda ya ce zo ki zauna nan. Wannan shi ya fi ɗaure wa iyaye kai, don idan suka tambaya ko wani ya tsokane ta sai ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa.

Akwai wani yaro da ba na mantawa da shi. Yana da shekara 15 ya zo mana a tsakiyar shekara, Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Makonni ya yi yana zama a kan matattakalar bayan ɗakin karatu da wayarsa a hannu. Malamar wasan kwaikwayo tana neman wanda zai riƙe fitilun dandamali, babu mai so, don kowa fitowa yake son yi a gan shi. Na kai shi. Aka sa masa abin magana a kunne, aka ba shi kwafin wasan da lambobi a gefe an rubuta da fensir. Yarinyar da ke jagorantar bayan fage za ta ce, "Fitila ta goma sha biyu, shirya," sai ta ɗan dakata, "kunna." Kalmomin da aikin yake buƙata ba su kai talatin ba, kuma ya haddace su a kwana biyu. Mako shida ana atisaye, kullum shi da mutum uku a wani ɗan ƙaramin ɗaki a sama, suna dariya idan wani ya manta maganarsa a ƙasa. Daren da aka nuna wasan, ana tsaka da fitowa mafi muhimmanci babbar fitila ɗaya ta mutu. Bai jira umarni ba, ya jawo ta hannu ya bi jarumar da haske har ta gama. Da aka zo gaisuwar ƙarshe 'yan wasan suka juya gaba ɗaya suka nuna ɗakin nan na sama, jama'a suka ɗaga kai suna tafi. Ranar Litinin na leƙa zauren hutun rana, na same shi a tsakiyar tebur ana ta hayaniya, har yana katse wani.

Na kawo labarinsa ne don ki ga cewa abota a wannan shekaru ta gefe take shigowa, lokacin da hannu yake kan wani aiki. A ce wa yarinya je ki yi ƙawaye, an ɗora mata dutse. A ce mata riƙe wannan igiyar, ko ke za ki buga daga hagu, an ba ta dalilin tsayawa a cikin mutane ba tare da ta nemi abin faɗa ba. Ko ta fannin harshe haka ne. Jim Cummins na Jami'ar Toronto ya nuna cewa yaron da ya shiga sabon harshe yakan kama na hira cikin kimanin shekara biyu, na karatu kuwa yakan ɗauki biyar zuwa bakwai. Akwai kuma waɗanda nasu a juye yake: sun zo da Turancin littafi mai kyau, suna cin jarrabawa, amma barkwanci da saurin maganar tsara suna wuce su. Wannan ba a koyar da shi a allo.

Yanzu ga maganar Alhaji, kuma ina so ki kai masa ita yadda na faɗa, don damuwarsa tana da tushe. Ya biya kuɗi mai yawa, ya san maki ne ke buɗe ƙofar jami'a, kuma ya ga yaran da wasa ya ɗauke wa hankali. Abin da watakila ba a bayyana masa ba shi ne, a wannan tsari ayyukan yamma suna cikin ginin tun daga harsashi.

Makarantar ƙasa da ƙasa ta Geneva, ɗaya daga cikin mafi daɗewa, ma'aikatan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da na ƙungiyar ƙawancen ƙasashe da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada ne suka kafa ta a 1924, kuma a birnin ne aka kafa hukumar IB a 1968. Amma wanda tunaninsa ya fi tasiri kan abin da muke magana shi ne Kurt Hahn, malami Bajamushe da gwamnatin Hitler ta tsare a 1933, ya koma Birtaniya ya kafa makarantar Gordonstoun a Sikotilan a 1934. Ra'ayinsa shi ne matashi ba ya sanin abin da ke cikinsa sai an damƙa masa aiki na gaske wanda wasu suka dogara da shi. A Gordonstoun ɗalibai ne ke riƙe da motar kashe gobara. A kwalejin Atlantic da aka buɗe bisa tunaninsa a gaɓar teku a kudancin Wales a 1962, ɗalibai 'yan shekara 16 zuwa 19 ne ke fita ceton mutane a ruwa a wancan lokaci. Kwalekwalen roba da suke amfani da shi duwatsun gaɓar suna yaga masa ciki, sai su da shugaban kwalejin, Desmond Hoare, suka yi ta gwaji har suka haɗa ƙasa mai tauri da gefe mai iska. Irin wannan jirgi ne masu ceto da sojojin ruwa suke amfani da shi a faɗin duniya a yau, kuma a kan fam ɗaya aka miƙa haƙƙin ƙirarsa ga hukumar jiragen ceto ta Birtaniya. Aikin bayan darasi ne ya haifar da shi.

Daga wannan tunani aka samo abin da 'yarki za ta tarar nan da shekara biyu, wanda ake kira CAS. Haruffan uku suna nufin ƙirƙira, motsa jiki, da hidima ga jama'a. Duk ɗalibin difilomar IB dole ya yi shi a kai a kai na aƙalla wata 18, ya ajiye kundin abin da ya yi da abin da ya koya, ya zauna ganawa uku da malamin da ke kula da shirin, ya kuma yi aƙalla aikin haɗin gwiwa guda da ya kai wata ɗaya daga tsarawa zuwa kammalawa. A da ana ƙirga awa 150, daga baya aka daina ƙirga awoyi aka koma duba sakamako bakwai da ake so ɗalibi ya nuna, kamar jajircewa, aiki da wasu, da fara abu da kansa. CAS ba ya ƙara ko maki ɗaya a cikin 45 ɗin difilomar. Amma wanda bai kammala shi ba, ba za a ba shi difiloma ba, komai kyan jarrabawarsa. Ki jaddada wa Alhaji wannan. Gaskiya ne abin da ta yi tana shekara 14 ba za a lissafa mata a CAS ba, sai dai bambanci a bayyane yake tsakanin wadda ta iso da abin da ta riga ta iya take kuma so, da wadda za ta fara lalube a daidai lokacin da karatu ya fi nauyi.

Ta wajen jami'a kuwa ya danganta da inda kuka nufa. Takardar neman gurbi ta bai ɗaya da jami'o'in Amurka da yawa suke amfani da ita tana da gurbi goma na ayyukan wajen aji, kowanne a bayyana shi da haruffa 150, kuma ana karanta su da gaske. A Birtaniya bayanin da ɗalibi ke rubutawa bai wuce haruffa 4,000 ba, kuma abin da suka fi nema shi ne me ka karanta, me ka yi, da ya shafi fannin da kake nema. Jami'o'in Jamus galibi darussan da aka ɗauka da makin da aka ci suke dubawa. Saboda haka Alhaji bai yi kuskure ba, maki shi ne gaba, babu kulob ɗin da zai rufe ramin jarrabawar da aka faɗi. Amma ko a Amurkan, gurabe goma cike da sunayen kulob da aka leƙa sau biyu ba su kai abu guda da aka riƙe shekara uku ba, aka fara a ƙaramar mamba aka ƙare ana koyar da na baya. Masu tantancewa sun ga dubban takardu, suna gane wanda aka cika don a burge su.

To me za ta zaɓa? Ita za ta zaɓa, wannan sharaɗi ne. Kulob ɗin da uwa ta zaɓa saboda zai yi kyau a takarda, mako uku ne ciwon kai zai fara kama yarinya duk ranar da ake yin sa. Amma zan ambaci biyu da nake ganin ya kamata ta leƙa.

Na farko shi ne kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda yaran ke kira MUN. Tunda kin ce mai magana ce, a nan bakinta zai yi mata rana. Za a ba ta wata ƙasa da ba tata ba, a ba ta batu, misali 'yan gudun hijira ko rabon ruwan kogi tsakanin maƙwabta. Sai ta binciko matsayin wannan ƙasa, ta rubuta daftarin ƙuduri, ta zagaya tana neman wasu wakilai su sa hannu, sannan ta tashi ta kare shi cikin ƙayyadadden lokaci, ba ta cewa "ni", sai dai "wannan wakiliya". Babban taronsu na birnin Hague a Holan tun 1968 ake yin sa, duk watan Janairu, ɗalibai dubbai ke halarta, amma amfanin yana cikin zaman mako-mako na cikin makaranta ko da ba ta taɓa tafiya ko'ina ba. Abin da nake so da shi shi ne yana tilasta wa yaro ya kare ra'ayin da ba nasa ba da hujja, ya fahimci dalilin da ya sa mai hankali zai iya saɓa masa. Karatu ne zalla, bincike da rubutu da magana, sai dai babu maki.

Na biyu lambar yabo ta Duke na Edinburgh, wadda Yarima Philip ya kafa a 1956 tare da Hahn, tsohon malaminsa. Ta 'yan shekara 14 zuwa 24 ce, ke nan 'yarki ta kai daidai, kuma ana yin ta a ƙasashe sama da 100. Matakai uku ne: tagulla, azurfa, zinariya. A matakin tagulla za ta yi aƙalla wata uku tana ba da kimanin awa guda a mako ga kowane ɗaya daga abu uku, hidima, koyon wata fasaha, da motsa jiki, ta ƙara wata uku a ɗaya daga cikinsu, sannan tafiyar daji ta kwana biyu da kwanan waje ɗaya. A azurfa tafiyar kwana uku ce, a zinariya huɗu. Rukuni ne na mutum huɗu zuwa bakwai, su ɗauki tantinsu da kayansu a baya, su bi taswira da kansu, malamai suna sa ido daga nesa. Babu gasa da kowa. Na sha ganin yaran da suka fita ba sa ko gaisawa, suka ɓata hanya tare, ruwa ya dake su tare, suka dawo ba a raba su.

Wasannin motsa jiki ba sai na tsawaita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma wani bincikenta da aka fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kaiwa. Ba dole sai ƙungiyar da ke zuwa gasa ba, akwai na nishaɗi da ba a tantance kowa. Kiɗa, zane, ɗaukar hoto, jaridar makaranta, haɗa mutum-mutumi mai aiki da kwamfuta, duk suna yin aiki iri ɗaya in dai ana haɗuwa duk mako.

Inda tsoron Alhaji yake zama gaskiya shi ne yawa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Na taɓa samun wata ɗaliba a shekarar farko ta IB, haziƙa, kowane malami yana son ta a ƙungiyarsa, ita kuma ba ta iya cewa a'a ba. Ta shigo ofishina neman sa hannu a takardar wata tafiya, ta buɗe littafin tsara lokacinta don ta duba rana. Na ga kowace yamma an shafa mata launi daban, Asabar ma launi biyu, babu farin gurbi ko ɗaya. Na tambaye ta ƙarfe nawa take kwanciya, ta ce ɗaya, wani lokaci biyu, ta tashi shida. Na ce a cikin waɗannan bakwai wanne kike jin daɗinsa? Ta daɗe tana kallon littafin, sai hawaye. Likitocin barci suna cewa 'yan shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare. Ga darussa shida, uku na babban mataki kowanne awa 240 na koyarwa, uku na matsakaici kowanne awa 150, ga dogon rubutun bincike na kalmomi 4,000. Muka zauna da iyayenta muka rage zuwa biyu, kuma kafin ƙarshen zango makinta ya ɗaga. Ƙa'idata tun daga lokacin: abu biyu a zango, ɗaya na jiki ɗaya na hannu ko ƙwaƙwalwa, a bar aƙalla yamma biyu a mako babu komai, kuma duk abin da ya taɓa barci shi ne zai tafi.

Maganar hidima ga jama'a ina so in yi ta da nauyi, don a nan makarantu irin namu suka fi yin kuskure, kuma ina cikin waɗanda suka yi. A wata makaranta da na yi aiki, duk shekara muna kwasar ɗalibai zuwa wani gidan marayu su yi wa katanga fenti, su yi wasa da yara, a ɗauki hotuna, a dawo. A shekara ta uku matar da ke riƙe da gidan ta ja ni gefe. Ta ce katangar nan sau uku ke nan ana shafa ta, ba ta buƙatar fenti. Ta ce duk ranar da muka tafi, ƙananan sai sun kwana biyu suna tsayawa a bakin ƙofa suna tambayar yaushe yayyensu za su dawo. Abin da take so shi ne mutum ko biyar ne, su riƙa zuwa duk mako, su ɗin dai, su zauna su yi karatu da yaran. Maganar ta dame ni ƙwarai, don shekara uku ba mu taɓa tambayar ta abin da take buƙata ba. Muka soke tafiyar fenti, muka koma ɗalibai goma duk Laraba, da alƙawarin shekara cur, kuma muka hana ɗaukar hoton yaran. Idan 'yarki za ta shiga aikin hidima, ki tambaya: wa ya nemi wannan aikin, sau nawa ake zuwa, kuma me ke faruwa bayan ɗalibai sun tafi?

Sai tsaro, wanda babu kunya a tambayarsa. A 2014 aka bankaɗo wani malami da ya shafe shekaru da dama yana koyarwa a makarantun ƙasa da ƙasa a ƙasashe daban-daban yana cutar da yara, galibi a lokutan tafiye-tafiyen makaranta. Bayan haka ne manyan ƙungiyoyin wannan fanni suka kafa kwamitin haɗin gwiwa kan kare yara, hukumomin da ke tantance makarantu kuma suka tsaurara sharuɗɗansu. Yau duk makarantar kirki tana da rubutacciyar manufa da jami'i takamaimai mai kula da kare yara. Ki nemi sunansa. Kafin kowace tafiyar kwana ki san malamai nawa za su raka yara nawa, ko akwai malama mace tare da 'yan mata, yadda aka raba ɗakunan kwana, da wanda za ki kira da tsakar dare. Idan a gidajen iyalai za a sauke su, kamar yadda wasu gasannin wasanni suke yi, ki tambayi yadda aka tantance gidajen. Masu horarwa da ake ɗaukowa daga waje su ne aka fi mantawa da su: shin an binciki tarihinsu kamar na malamai? Babban mutum ba ya keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki, ba ya tura masa saƙo ta lambarsa ta kansa. Makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta ba ki amsa ke nan.

Kuɗi kuma, yawancin kulob ɗin da malamai ke gudanarwa suna cikin kuɗin makaranta. Waɗanda ake cajin ƙari su ne na masu horarwa daga waje da tafiye-tafiye. Ki nemi jerin tafiye-tafiyen shekara tun yanzu, ku zauna da ita ku gaya mata a fili wadda za ku iya da wadda ba za ku iya ba. Za ta zauna da yaran da kamfani ko ofishin jakadanci ke biya wa komai, kuma gara ta ji gaskiya daga bakinku da wuri a kan ta sa rai har ranar biya. Wasu makarantun suna da tallafi da ba sa shelantawa sai an tambaya.

Abu ɗaya da kulob ba zai yi muku ba shi ne riƙe mata harshen gida. Da zarar ta samu ƙawaye za ki ji Turanci ya fara cinye hirarta har a falo, kin yi mata magana da harshenku ta mayar miki da wani. Kada ki yi faɗa, amma kada ki sauya naki. Bikin ranar ƙasashe da ake yi sau ɗaya a shekara da tutoci ba ya riƙe harshe. Ki kuma sani cewa IB ta ba ɗalibi damar karanta adabin harshensa na uwa a matsayin ɗaya daga darussansa shida, ko da makarantar ba ta da malamin harshen, ta hanyar nazarin kai da kai ƙarƙashin kulawar makaranta, kuma hakan yana iya kai shi ga difiloma mai shaidar harshe biyu. Iyaye da yawa ba sa jin labarin wannan sai lokaci ya ƙure, don haka ki tayar da maganar da jami'in IB na makarantar shekara guda kafin ta shiga.

A wannan makon ki ba ta jerin da biro, ta zagaye biyar da suka ja hankalinta ba tare da kin ce komai ba, sannan ku rage zuwa biyu tare. Ki rubuta wa mai kula da ayyukan bayan darasi ko da an rufe rajista, ki ce sabuwa ce, kusan kullum ana samun gurbi. Ki tambaya ko akwai bas ta biyu da ke tashi bayan kulob, da kuma ko akwai waɗanda ake yi da tsakar rana, don su ne za su ɗauke ta daga zaman kaɗaicin nan kai tsaye. Malamin ajinta da mai ba ɗalibai shawara su san halin da take ciki, sau da yawa ba sa lura da yaron da makinsa ke da kyau kuma ba ya damun kowa. Da Alhaji kuwa ku yi yarjejeniyar zango ɗaya: yamma biyu a mako, idan sakamako ya fito ku duba tare, kuma ranar da za su yi wasa ko muhawara a gaban iyaye ki tabbata ya je, gani ya kori ji.

Idan aka yi mako shida zuwa takwas shirun bai ragu ba, ko barcinta ya rikice, ko ta fara neman dalilin ƙin zuwa makaranta, to abin ya wuce na baƙunta, ku ga mai ba da shawara da likita ba tare da jinkiri ba. Ranar farko kuma tana iya dawowa ta ce ba ta so, babu wanda ya kula ta. Ki roƙe ta ta je sau uku kafin ta yanke hukunci. In ta shigo mota kada ki tambaye ta ko ta yi ƙawa, ki tambaye ta me aka sa ta yi, kuma wa ke kusa da ita lokacin da take yi. Allah ya raya miki ita.